Filin Tambaya da Amsa: Yadda Tauraro Irin Rana Yake Ƙarewa

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taru a kan batu ɗaya, wato hotunan gajimare masu launi da ake cewa ragowar matattun taurari ne, kuma mafi yawansu daga Sakkwato da garuruwan kewayenta suka fito. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, amma ba mu taɓa ma'anar ko ɗaya ba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. An turo mini wani hoto ta WhatsApp mai kama da ƙaton ido, tsakiyarsa shuɗi, gefensa ja. An rubuta a ƙasa cewa hukumar NASA ce ta ɗauko shi, wai sau ɗaya yake bayyana a shekara 3,000, kuma duk wanda ya tura wa mutum bakwai zai ga biyan buƙata. Har wani suna aka ba shi wanda bakina ba zai iya maimaitawa ba. Shin hoton gaskiya ne ko haɗi ne? Idan gaskiya ne, mene ne shi? Daga wani ɗan kasuwa, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Hoton gaskiya ne, bayanin da aka liƙa masa ne ƙarya. Abin da ke ciki nebula ce, wato gajimaren iska a sararin samaniya, sunanta Heliks, lambarta kuma NGC 7293. Tana ɓangaren burujin Dalwu, kuma haskenta yakan yi tafiyar shekara kimanin 650 kafin ya iso mu, alhali haske yana cin kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Ba ta zuwa ba ta komawa, domin wani masanin taurari Bajamushe, Karl Ludwig Harding, ya gan ta tun kafin 1824, kuma tana nan a wurinta har daren jiya. Hoton da aka fi yaɗawa an fitar da shi a watan Mayun 2003, bayan an haɗa abin da madubin hangen nesa na Hubble ya ɗauka daga sama da abin da wani madubi na ƙasa ya ɗauka a dutsen Kitt Peak na jihar Arizona a Amurka. Maganar shekara 3,000 da ta mutum bakwai ƙarin gishiri ne na wanda ya rubuta saƙon, kuma ka yi daidai da ka ƙi maimaita sunan.

Kafin a gane abin da ake gani, sai an san yadda tauraro yake rayuwa. Tauraro dunƙulen iska ne mai tsananin zafi, mafi yawansa haidirojin da hiliyam, kuma tsawon rayuwarsa abubuwa biyu ne suke ja-in-ja a cikinsa. Nauyinsa yana danne shi zuwa ciki, zafin da ke tasowa daga cibiyarsa kuma yana tura shi waje. Zafin yana samuwa ne saboda a can cibiya, inda ya kai digiri miliyan 15 a tauraro irin Rana, ƙwayoyin haidirojin suna haɗewa su zama hiliyam. Muddin akwai haidirojin a cibiya, to an yi kunnen doki, tauraron kuma yana zaune lafiya na biliyoyin shekaru.

Ranar da haidirojin na cibiya ya ƙare, sai nauyi ya fara rinjaye. Cibiyar ta takure ta ƙara zafi, zafin ya kunna haidirojin da ke zagaye da ita, jikin tauraron na waje ya kumbura ya ninka faɗinsa sau ɗari ko fiye, fatarsa kuma ta huce ta koma ja. Wannan mataki shi ake kira jan ƙato. Idan cibiyar ta kai digiri miliyan 100, hiliyam ɗin kansa yakan fara haɗewa ya zama kabon da oksijin, tauraron ya ɗan sami sararawa, sai dai hiliyam ba ya auki kamar haidirojin. Bayan shi ma ya ƙare a cibiya, tauraro mai matsakaicin nauyi ba shi da ƙarfin matse kabon har ya kama, don haka babu sauran abin ƙonawa a tsakiyarsa, sai ɓawo biyu da suke ci a kewayen cibiyar, ɗaya na hiliyam, ɗaya na haidirojin.

A wannan mataki na ƙarshe ne labarin hotonka ya fara. Tauraron yakan sake kumbura, ya riƙa buɗewa yana tsukewa a cikin watanni, kuma da yake fatarsa ta yi nisa ƙwarai da cibiya, riƙon da nauyi yake yi mata ya yi sako-sako. Iskar da ke can waje takan huce har ƙura ta ƙullu a cikinta, hasken tauraron ya riƙa tunkuɗa ƙurar, ƙurar kuma ta ja iskar su tafi tare. Babu wata fashewa a nan, zuba ce a hankali da gudun kilomita 10 zuwa 20 a sakan, amma a ƙarshe-ƙarshe tauraron yakan zubar da abin da ya kai nauyin duniyarmu, har ya ninka, a cikin shekara ɗaya tak. Akwai tauraro mai suna Mira da yake cikin wannan hali a yanzu, wanda David Fabricius ya fara lura da shi a 1596: yakan yi haske har a gan shi da ido, sannan ya dushe ya ɓace, ya sake dawowa, kowane zagaye kimanin kwana 332.

Idan mayafin, wato iskar jikinsa ta waje, ya gama zubewa, sai cibiyar ta fito fili, ƙarama amma zafinta ya wuce digiri 30,000, kuma yakan haura 100,000 kamar yadda yake a Heliks. Abu mai irin wannan zafi mafi yawan haskensa ultrabayolet ne, wanda idon mutum ba ya gani. Hasken yakan bi iskar da tauraron ya zubar tun da farko ya fizge wa ƙwayoyinta ilektiron, idan kuma ilektiron ɗin suka koma mazauninsu ko suka bangaji wasu ƙwayoyin, sai haske mai launi ya fito. A lokaci guda wata sabuwar iska marar kauri, mai gudun fiye da kilomita 1,000 a sakan, tana tasowa daga cibiyar, ta tarar da tsohuwar a gaba ta share ta ta tara ta gefe, shi ya sa tsakiya take zama fayau, baki kuma ya yi kauri. Farin ɗigon da ke tsakiyar hotonka, Alhaji, shi ne abin da ya rage na tauraron. Shuɗin da ke kewaye da shi hasken oksijin ne, jan kuma na haidirojin da naitirojin. Faɗin zoben ya haura tafiyar haske ta shekara biyu. Idan ka buɗe hoton sosai za ka ga wasu ɗigo-ɗigo masu jela a bakin zoben ta ciki, kawunansu suna kallon tsakiya, jelarsu ta yi waje. Dubbai ne, kuma kowane ɗaya curin iska ne da faɗinsa ya kai na yankin da Rana da duniyoyinta suka mamaye.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare. A littafinmu na kimiyya an kira irin wannan nebula da sunan da ke nuna tana da alaƙa da duniyoyi, wato planetary nebula a Turance. Shin a cikinta sababbin duniyoyi suke samuwa? Kuma ta yaya aka san iska ce, tunda babu wanda ya taɓa zuwa can? Daga wata ɗaliba, Runjin Sambo.

Amsa: 'Yata, tambayarki ta biyu ta fi ta farko nauyi, don haka zan gaggauta da ta farkon. Babu duniyar da take samuwa a cikinta. Charles Messier, Bafaranshe mai farautar taurari masu wutsiya, shi ya ci karo da ta farko a ranar 12 ga Yulin 1764, ya ba ta lamba 27 a jerin abubuwan da suke ruɗa shi a wurin farautarsa. Bayan wasu shekaru William Herschel, wanda ya gano duniyar Yuranus a 1781, ya ga wasunsu suna fitowa a madubinsa 'yan faya-fayai kore-kore, tamkar yadda duniya mai nisa take fitowa, sai ya sa musu suna a kan wannan kama, sunan kuma ya bi su har yau. Inda ake haihuwar taurari da duniyoyi wani gajimare ne dabam wanda ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, kamar wanda yake ƙarƙashin taurari uku da suke jere a rukunin Oriyon, wanda ake iya gani da ido a daren hunturu.

Yanzu ga yadda aka san iska ce. A daren 29 ga Agustan 1864, wani Baturen Ingila mai suna William Huggins, a gidansa da ke kudancin Landan, ya juya madubinsa zuwa nebular da ake wa laƙabi da Idon Kyanwa, ya ɗaura masa na'urar da take tsaga haske zuwa launukansa. Hasken tauraro idan an tsaga shi yakan ba da launukan bakan gizo a jere babu yankewa, sai 'yan siraran layuka baƙaƙe nan da can. Da a ce nebular tarin ƙananan taurari ce da nisa ya cakuɗa su, kamar yadda mutane da yawa suka ɗauka a lokacin, da abin da zai gani ke nan. Amma abin da ya gani layuka uku ne masu haske, tsakaninsu duhu, kuma masu ɗakin gwaji sun riga sun san cewa iska mai zafi marar kauri ce take yin haka, kowane sinadari da nasa layukan da ba ya tarayya da wani a cikinsu. Ke nan ba sai an je ba, hasken da kansa yake kawo shaidar abin da ya fito daga ciki.

Sai dai an sami cikas. Ɗaya daga cikin layukan na haidirojin ne, amma biyu kore, ciki har da wanda ya fi haske, ba su dace da kowane sinadari da aka sani ba. Masana suka zaci wani sabon sinadari ne, har suka raɗa masa suna nebuliyam, kuma ba za a ga wautarsu ba, domin a 1868 an ga layin hiliyam a hasken Rana tun kafin William Ramsay ya same shi a ƙasa a 1895. Amma yayin da jadawalin sinadarai ya riƙa cika, sai aka rasa gurbin da za a sa wannan baƙo. A 1927 ne Ira Bowen, wani masani a Kalifoniya, ya nuna cewa oksijin ne kawai, irin wanda kike shaƙa, sai dai an fizge wa kowace ƙwaya ilektiron biyu. Dalilin da ya sa ba a ga layin a ɗakin gwaji ba shi ne, ƙwayar tana buƙatar a bar ta na sakan masu yawa babu mai taɓa ta kafin ta saki wannan koren haske. A iskar da muke shaƙa, a cikin gurbi mai santimita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, akwai ƙwayoyi 25 da sifili 18 a bayansu, don haka tun kafin ta saki hasken wata ta bangaje ta. A cikin nebula kuwa, gurbi mai wannan girma ƙwayoyinsa tsakanin 100 ne da 10,000. Shekara 63 aka yi tsakanin ganin layin da gane shi, kuma a ganina irin wannan labari ya fi dacewa da aji fiye da haddar sunaye.

Tambaya: Allah ya gafarta Malam. Mu manoma mukan kwana a gona lokacin kaka, kuma mukan ga tauraruwa ta tsinke ta faɗo da gudu, ta mutu kafin ta iso ƙasa. Mutuwar taurarin da kuke magana ita ce wannan? Daga wani dattijo, Wurno.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ba ita ba ce. Abin da kake gani ɗan ɓarɓashin dutse ne, galibi bai fi ƙwayar gero ko tsakuwa ba, wanda ya shigo iskar duniyarmu da gudun kilomita 11 zuwa 72 a sakan, ya ƙone a nisan kilomita 80 zuwa 120 a saman kanka. Taurari na ainihi kowannensu rana ne, kuma suna nan a wurarensu bayan an ga wannan walƙiya. Ɓarɓashin yakan yi yawa a wasu darare, kamar tsakiyar Agusta, tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba, lokacin da duniya take ratsa ƙurar da wasu masu yawo a sama suka bari a hanya. Abin dariya ma, shi ne sanadin hoton da Alhajin Mabera ya tambaya a kai: a Nuwamban 2002 an juya wa ruwan ɓarɓashin bayan madubin Hubble don kada gilashinsa ya lalace, sai aka yi dace gabansa yana fuskantar Heliks, aka yi amfani da damar aka ɗauke ta.

Akwai taurarin da suke mutuwa da fashewa, amma sai waɗanda nauyinsu ya ninka na Rana sau takwas ko fiye. A 1054 masu duban sama na ƙasar Sin sun rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana wanda aka yi kwana 23 ana ganinsa da rana tsaka, ragowarsa ita ce nebular Ƙaguwa, lamba ta ɗaya a jerin Messier. Irin waɗannan 'yan tsiraru ne, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na taurari ta hanyar zuba a hankali za su ƙare.

Tambaya: Malam, ɗana mai shekara goma sha ɗaya ya ji a makaranta cewa Rana za ta kumbura ta haɗiye duniya, tun daga ranar kullum sai ya tambaye ni yaushe ne. Me zan ce masa? Daga wata uwa, Gawon Nama.

Amsa: Malama, ki ce masa ya kwantar da hankalinsa, domin abin da ya ji yana da tushe, amma an bar masa lissafin shekarun a baya. Shekarun Rana yanzu kimanin biliyan 4.6 ne, kuma haidirojin da ke cibiyarta zai ishe ta wasu shekaru kimanin biliyan 5 nan gaba, duk da tana cinye kusan tan miliyan 600 a kowane sakan. Bayan nan ne za ta zama jan ƙato, ta kai kusan ninki 200 na faɗinta na yau, ta haɗiye duniyoyi biyu da suka fi mu kusa da ita, wato Uɗaridu da Zuhura, wadda muke kira Zara idan ta fito da yamma, Gamzaki kuma idan ta fito da asuba. Game da duniyarmu kan masana ya rabu, saboda yayin da Rana take kumbura tana kuma rage nauyi, wanda yake sa duniyoyi su ja da baya. Wasu lissafe-lissafe sun nuna za ta tsira a ƙone, wasu sun nuna za a haɗiye ta.

Ya kamata kuma a raba wa yaron zance biyu. Wannan lissafi ne na makamashi, irin wanda ake yi wa kowane tauraro idan an san nauyinsa da haskensa. Bai shafi lokacin tashin Alƙiyama ba, wanda saninsa yake wurin Allah Shi kaɗai, kuma babu masanin taurari na ƙwarai da zai ce madubinsa ya nuna masa ranar.

Ko Rana za ta bar nebula irin ta hotuna? An daɗe ana ganin nauyinta ya yi kaɗan, wato cibiyarta za ta yi jinkirin ɗaukar zafi har iskar ta watse kafin a haska ta. A 2018 wasu masana, cikinsu har da Albert Zijlstra na Jami'ar Manchester, sun fitar da sabon lissafi da ya nuna cibiyar takan yi zafi da sauri fiye da yadda aka zata, kuma Rana tana daidai bakin iyaka: za ta yi nebula, amma mai rauni. Za ta zubar da kusan rabin nauyinta, sauran ya dunƙule ya zama abin da ake kira farin wada, wanda girmansa bai wuce na duniyarmu da yawa ba, ga tsananin matsi har cikin cokalin shayi ɗaya na jikinsa yana kai tan da dama. Misalinsa garwashin da ya rage a murhu bayan itace ya cinye: yana da zafi, yana da haske, amma na ajiya ne, hucewa kawai yake yi, sai dai hucewar farin wada tana ɗaukar biliyoyin shekaru. Idan yaron yana son ya ga inda irinsa yake, ki nuna masa Shi'ira, tauraron da ya fi kowanne haske da dare, wanda yake fitowa ta kudu maso gabas a farkon daren hunturu, kuma sunansa ya zo a Suratun Najmi. Yana da abokin tafiya farin wada da ido ba ya gani, wanda Alvan Graham Clark ya hango a 1862. Nauyin wannan farin wada kusan na Rana ne, kuma mayafin da ya zubar ya watse tun fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce.

Tambaya: Malam, tauraro dunƙule ne, to me ya sa yawancin hotunan da nake gani ba dunƙule ba ne? Kuma ina iskar take tafiya daga ƙarshe? Daga wani ɗalibin kimiyya, Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Amsa: Ɗana, ka taɓo wurin da har yanzu ake kai-kawo a kansa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ne kawai suke fitowa a dunƙule, kamar Abell 39. Sauran ko dai masu siffar ƙwai ne, ko masu fukafukai biyu kamar NGC 6302 ta burujin Aƙraba da ake wa laƙabi da Malam-buɗe-littafi, ko masu sarƙaƙiya. Bayanin da ya fi karɓuwa a yau shi ne yawancin taurarin nan ba su kaɗai suke zaune ba. Idan mai zubar da mayafi yana da aboki a kusa, jan abokin yakan tara iskar ta yi kauri a kewayen ƙugun su biyun, idan iska mai gudu ta taso daga baya sai ta iske ƙugun a toshe, ta fice ta sama da ta ƙasa, a sami fukafukai biyu. Wani lokaci ma jan ƙaton yakan kumbura ya rufe abokin, su ci gaba da zagaya juna a cikin mayafi ɗaya har su watsar da shi. A cikin hotunan farko na madubin James Webb da aka nuna wa duniya a ranar 12 ga Yulin 2022 akwai na NGC 3132, inda aka ga taurari biyu a tsakiya, kuma dusasshen da ƙura ta lulluɓe shi ne mai mayafin, mai hasken abokin zama ne kawai. Akwai kuma batun ta inda muke kallo, domin abu mai siffar ganga idan an leƙa shi ta baki zobe ne, idan an kalle shi ta gefe kuma dogo ne.

Iskar kuwa tana ci gaba da buɗewa da gudun kilomita 20 zuwa 30 a sakan, gudun da zai kai ka Gusau daga Sakkwato cikin kimanin sakan goma, tana ƙara sirancewa, cibiyar kuma tana dushewa, har bayan shekara 10,000 zuwa 20,000 ko ɗan fiye a daina ganinta. Wannan ƙiftawar ido ce a rayuwar tauraro, shi ya sa duk da taurari fiye da biliyan 100 da ke cikin galaksinmu, wato babban tarin taurarin da Rana take ciki, irin waɗannan nebula da aka sani 'yan dubbai ne kaɗan. Amma iskar ba ta tafiya hannu rabbana. A matakin ƙarshe, tafasar da ke cikin tauraron takan kwaso kabon da naitirojin da wasu sinadarai masu nauyi daga ciki ta kawo su fata, su fita tare da mayafin, su gauraya da gajimaren da sababbin taurari za su fito daga cikinsa. Hujja mai ƙarfi ta zo a 1952, lokacin da Paul Merrill ya ga layukan teknitiyam a hasken wasu jajayen ƙatti. Sinadari ne da yake rushewa a cikin 'yan miliyoyin shekaru, don haka ba zai yiwu tsohon tauraro ya zo da shi tun daga haihuwa ba, dole a cikinsa aka ƙera shi. Kaso mai tsoka na kabon da naitirojin da ke duniyarmu ta wannan hanya ya biyo kafin a yi Rana.

Tambaya: Malam, ina cikin masu fita duban wata a garinmu, kuma ina da madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, an rubuta 10x50 a jikinsa. Zan iya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan da shi? Daga wani mai karatu, Bodinga.

Amsa: Malam, za ka iya ganin biyu, muddin ka cire ran ganin launi. Idon mutum ba ya rarrabe launi a haske mai rauni, kuma hotunan da ake yaɗawa an ɗauke su ne ta hanyar barin na'ura tana tara haske na tsawon lokaci. Sakkwato tana kan digiri 13 arewa da layin ikwaita, don haka na arewa da na kudu duk suna hawa sama sosai a wurinmu. Lokacin da ya fi shi ne Satumba da Oktoba, bayan ruwa ya wanke sama, ƙurar hunturu kuma ba ta sauko ba, a dararen ƙarshen wata ko farkonsa da babu farin wata, waɗanda ka fi ni sanin lissafinsu. Ka fita bayan gari, ka ba idonka minti 20 a cikin duhu, kada ka duba waya, ka kuma jingina gwiwar hannunka a kan katanga domin madubin ya daina rawa.

Bayan sallar isha'i za ka ga taurari uku masu haske sun yi babbar kusurwa uku kusa da tsakiyar sama. Wanda ya fi haske, ta arewa maso yamma, shi ne Bega, wanda littattafan falaki na Larabci suke kira Nasrul Waƙi'i. Na kudu, mai ƙananan taurari biyu a gefensa, shi ne Altayir ko Nasruɗ Ɗa'iri. Na ukun, ta arewa maso gabas, shi ne Denab. Ka fara daga Altayir ka nufi Denab a hankali. Za ka tarar da 'yan taurari huɗu da suka yi siffar kibiya, ka tsaya a tsininta, sannan ka matsa arewa kimanin rabin faɗin abin da madubinka yake nunawa. Can za ka ga ɗan tabo toka-toka wanda ba shi da kaifin tauraro, wannan ita ce lamba 27 ta Messier, kuma haskenta ya yi kimanin shekara 1,300 a hanya. Idan ka kalli gefenta kaɗan maimakon ka ƙura mata ido, za ta fi fitowa.

Heliks ta fi wuya. A Oktoba, wajen ƙarfe tara na dare, ka fuskanci kudu ka nemi Famul Huti, tauraro mai haske da yake tsaye shi kaɗai a wannan ɓangare. Ka miƙe hannu ka dunƙule shi, ka auna dunƙule ɗaya daga tauraron zuwa sama ta dama. Faɗinta ya kai kusan rabin na cikakken wata, amma da yake haskenta ya bazu, fitilar gida ɗaya a kusa ta isa ta ɓatar da ita. Ita kuwa nebular Zobe, lamba 57, wadda take tsakanin taurari biyu da ke kudu da Bega kaɗan, madubinka zai nuna ta ne tamkar ɗan tauraro mai rauni. Ramin tsakiyarta sai da madubi mai ƙafa wanda faɗin gilashinsa ya kai santimita 10, yana kuma kusanto da abu sau 80 ko 100.